Shagon tsofaffin jitoci da amfilifayoyi a Sabon Gari: abin da na tarar da abin da na saya

A Kano ba za ka ga shagon da ya kafa allo yana shelar karɓar jinginar kayan kiɗa ba, irin waɗanda ake da su a Amurka da Ingila, inda mutum zai ajiye jitarsa ya karɓi kuɗi, idan wa'adi ya cika bai fansa ba a rataye ta a sa mata farashi. Harkar tana nan, allo ne kawai ba ta da shi. Tana gudana ne a bayan kantar masu gyaran rediyo da sifika, musamman a Sabon Gari, domin can ne makaɗin da kuɗin haya ya tsare, da majami'ar da ta sabunta kayanta, da ɗalibin da ya sayi jita cikin zumuɗi ya gaji da ita bayan wata uku, duk suke kai abin da ke hannunsu. Ɗaya daga cikin irin waɗannan shaguna, wanda ke cikin wani lungu da ya ɓalle daga Titin Faransa, shi na yi wa sintiri tsakanin Disamba da Fabrairu, kuma a kansa zan yi bayani.

Dalilin zuwana ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ake canzawa a kan kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma da yake kusan dukkan jitocin lantarki da amfilifayoyi daga waje ake shigo da su, sabuwa ta fi ƙarfin ma'aikaci irina. Ta ɗaya gefen kuma mai saye yana da wata 'yar dama a garin nan da ba lallai ya samu a Legas ba: kiɗan zamani na Hausa a kan fiyano da kwamfuta aka gina shi, ɗakunan ɗaukar waƙa na Titin Gidan Zoo ba su cika neman jita ba, saboda haka tsohuwar jita tana iya shekara a rataye babu wanda ya taya.

Shagon ƙuntatacce ne, rufin kwano, tsawonsa bai fi taku shida ba. Mai shi dattijo ne da ya fara sana'a da gyaran rediyo, kuma har yanzu teburinsa na nan a bakin ƙofa da ƙarfen narka dalma da mitar awon wuta da gwangwanin madara cike da ƙananan sukurori. Jitoci kusan goma sha biyar suna rataye a bango, an ɗaure wuyansu da wayar lantarki, amfilifayoyi kuma an jibge su a ƙasa, wata kan wata, har zuwa kafaɗar mutum, ƙura ta mayar da su duka launi ɗaya. Na yi sallama na ce, "Sannu da aiki, Baba." Ya ɗago ya ce, "Yawwa Malam, sannu da zuwa. Gyara ne ko saye?" Da na ce saye ne, sai ya umarci yaron shagon ya ba ni kujera, ya ce in sauko da duk wadda ta yi mini in kaɗa har in gaji. Wannan shi ne babban abin yabon wurin, domin na shiga shagunan sababbin kaya inda ko leda ba a yarda ka cire ba sai ka biya.

Abin da ya fara ɗaukar idona wata baƙar jita ce mai ƙarafuna ruwan zinariya, an rubuta Gibson a kanta, siffar Les Paul, samfurin da kamfanin ya fara fitarwa a 1952. Ita ce mafi tsada a shagon, kuma ita kaɗai aka goge wa ƙura. Kyanta kuwa na ɗan maciji ne. A kan kowace irin wannan jita akwai wani ɗan murfi mai siffar ƙararrawa da ke rufe bakin sandar ƙarfen da ke cikin wuya. Na Gibson ta gaskiya sukuru biyu ne ke riƙe da shi, na jabu kuwa galibi uku ne. Na ƙirga na sami uku. Da na kaɗa ta, sautin ya fito a dakushe, kuma tsirkiya ta uku ta ƙi zama daidai ko na minti biyu. Na gaya wa dattijon abin da na gani, ya ce, "Malam, ni yadda aka kawo mini haka na rataye, suna na gani na sa kuɗi." Na yarda da shi, kuma a cikin wannan amsa tasa ne na fahimci yadda shagon yake: mutumin ya san waya da wuta kamar yunwar cikinsa, amma bai san katako ba. Kuɗin jita a wurinsa sunan da ke kanta yake bi, don haka jabu mai babban suna ta yi tsada, nagartacciya mai ƙaramin suna ta yi araha. Duk ribar da mai saye zai samu a wurin tana cikin wannan giɓi ne, kuma duk asarar da zai tafka ita ma a nan take.

Jitoci masu akwati, wato waɗanda ba sa buƙatar lantarki, su suka fi ba ni tausayi. Masu ƙera su suna ba da shawarar a ajiye su inda laimar iska take tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, alhali a hunturun Kano takan faɗi ƙasa da kashi 20, sannan a watan Afrilu zafi ya haura digiri 40 a waje, balle a ƙarƙashin kwano. Katako yana tsukewa idan ya bushe, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, shi ya sa idan ka shafa gefen wuyan jitar da ta sha hunturu za ka ji bakunan ƙarafunan da aka jera a kai, waɗanda makaɗa ke kira furet, suna kartar yatsa kamar haƙoran zarto. Wannan ƙaramar matsala ce, ana goge ta da 'yar magagari. Babbar ita ce fuskar akwatin ta tsage, ko gam ya saki jaki, wato katakon da tsirkiyoyi ke ɗaure a kai, kamar dai jakin garaya ko na goge. A cikin guda shida da na sauko da su, uku jakinsu ya ɗaga har ina iya zura takarda a ƙarƙashinsa.

Ɗaya daga cikinsu, Yamaha C40, ba hunturu ne ya kashe ta ba, jahilci ne. An yi ta ne don tsirkiyar nailan, wadda jimillar janta bai fi kimanin kilo 40 ba, sai wani ya ɗaura mata ta ƙarfe mai jan kusan kilo 70, kuma yawancin irin waɗannan jitoci ba su da sandar ƙarfe a wuya da za ta jure. Wuyan ya lanƙwashe kamar baka, tsirkiyoyin sun yi sama har sai mutum ya danna da ƙarfin tsiya, kuma babu gyaran da zai dawo da ita wanda bai fi kuɗinta ba. Duk da haka an sa mata kuɗi daidai da wata da ta fi ta lafiya da ke kusa da ita. Ban ga jita mai akwati ko ɗaya da zan ba wa wani shawarar saye a shagon ba, kuma ina ganin laifin ajiyar ne, domin da a cikin jakunkunansu aka bar su, tare da ɗan jiƙaƙƙen soso a cikin robar sabulu mai huji, da yawancinsu sun tsira.

Jitar lantarki ta fi jure wahala saboda gangar jikinta dunƙulallen katako ne. A can ƙarshen bango, bayan wata sifika, na zaro wata Yamaha Pacifica 112 ƙirar Indonesiya, fentinta ya ɗaye a gefe, tsirkiya biyu sun tsinke, sauran huɗun sun yi tsatsa. Yamaha ta fara wannan jeri ne a 1990, kuma an san samfurin 112 da cewa katakonsa da haɗinsa sun fi kuɗinsa. Na zo da sababbin tsirkiyoyi a aljihu, abin da nake ba duk mai zuwa irin wannan farauta shawarar ya yi, tare da wayar jita da ya tabbatar da lafiyarta da ƙaramin alanki. Bayan na ɗaura su, na ɗaga jitar na hangi wuyan daga kai zuwa gindi kamar mai saita bindiga, don in ga ko ya murɗe, domin murɗaɗɗen wuya ba shi da magani sai canji. Sannan na danne tsirkiya mai kauri a furet na farko da na ƙarshe a lokaci guda, na duba tazarar da ta rage a tsakiya, wadda bai kamata ta wuce kaurin katin waya ba. Ta ɗan wuce. Na sa alanki a sandar wuyan na juya rubu'in zagaye, ta juyu ba tare da gardama ba, kuma wannan ne ya kwantar mini da hankali fiye da komai, domin sandar da ta cije ko ta karye ita ce ajalin jita.

Sauran gwajin bai ɗauki lokaci ba. Sautin kowace tsirkiya a furet na 12 ya dace da sautinta a sake, in ban da guda biyu da ke buƙatar a ɗan matsa sukurun jakinsu. Maganaɗisun ɗaukar sauti guda uku, waɗanda ake kira fikof, na ƙwanƙwasa kowanne da bakin mabuɗin mota bayan an haɗa da amfilifaya, duk suka amsa. Maɓallin ƙara murya yana ƙarar yashi idan an murɗa, amma wannan ƙura ce, feshin mai wanke lantarki yana kawar da ita. Kuɗin da dattijon ya faɗa bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da ya sa wa baƙar jabun ba.

A ɓangaren amfilifaya kuwa labarin ya juye, domin nan ne fagensa, kuma ban kama shi da ɓoye aibi ko ɗaya da ya sani ba. Na nuna wata Fender mai kyan gani, sai ya juya mini bayanta da kansa ya ɗora yatsa a kan rubutun da ke kusa da wayar wuta. "Karanta nan, Malam." An rubuta bolt 120. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100, saboda haka duk kayan da aka yi don kasuwar waɗannan ƙasashe biyu sai an haɗa su da taransifomar rage wuta. Ya ce wanda ya kawo ta ya soka ta kai-tsaye a bango, taransifomarta ta ƙone, aka yi mata naɗi a nan gida. "Tana aiki, amma tana ɗaukar zafi. Ba zan ce ka saya ba." Kayan da suka biyo ta Turai, waɗanda muke kira 'yan Beljiyam, ba su da wannan matsala, na Ingila ma filoginsu mai ƙafa uku daidai yake da soket ɗinmu.

Akwai kuma wata tsohuwa mai bawul, wato waɗannan ƙananan kwalabe da ke yin ja kamar garwashi idan an kunna, kuma ba zan ɓoye ba, sautinta ya fi na kowace daɗi a shagon, har na daɗe ina kaɗawa ban san lokaci ya tafi ba. Amma na ajiye ta. Masana'antun da suka rage suna yin bawul kaɗan ne, a Rasha da Silobakiya da Sin, don haka idan ɗaya ya mutu sai an yi odarsa da dala. Irin wannan amfilifaya ba ta son wutar da ke hawa da sauka, idan aka kunna ta babu sifika a haɗe taransifomar fitar da sautinta tana iya lalacewa, kuma kafasitocinta, wato sassan da ke adana wuta a cikinta, suna iya riƙe fiye da bolt 400 bayan an zare ta daga bango, abin da ya isa ya kashe mai karambanin buɗe ta. Ga mai kaɗawa a gida ko a wurin biki da janareta, mai taransisto ta fi zama alheri.

Wadda na tsaya a kanta ita ce Peavey Bandit 112, mai ƙarfin wat 80 da sifika inci 12, daga kamfanin da Hartley Peavey ya kafa a garin Meridiyan na jihar Misisifi a 1965. Ba ta da kyan gani, kusurwoyinta sun sha duka, kuma nauyinta ya isa a yi tunani kafin a ɗora ta a babur, amma an san irinta da taurin rai, kuma bayanta an rubuta 230. Na shinshina bayanta ban ji ƙauri ba. Na nemi a zaro fis don in tabbatar ba a naɗe shi da waya ko takardar sigari ba, kamar yadda wasu ke yi, na danna fatar sifikar a hankali da yatsu huɗu ban ji gogayya ba, kuma na duba ƙafar filogi ta uku tana nan ba a guntule ta ba, domin ita ce ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa maimakon ta bi ta tsirkiya ta shiga hannun makaɗi. Na so in bar ta a kunne minti ashirin, saboda aibin tsohuwar amfilifaya sai ta yi zafi yake fitowa, sai dai ranar babu wuta. Yaron shagon ya aro ɗan ƙaramin janareta daga maƙwabta, ni na biya kuɗin litar mai, aka girke shi a bakin ƙofa, kuma ƙararsa ta danne duk wani gurnani da nake son in saurara. Shagon da ke sayar da sauti bai kamata a ce ba shi da hanyar gwada shi cikin natsuwa ba, kuma wannan sakaci ya jawo mini asarar da zan zo kanta.

Maganar jinginar kanta ita ce ta fi damuna. A zuwana na farko na tambayi wata jar Squier, wato ƙaramin tambarin da Fender ta fara sa wa jitoci a Japan a 1982 don ta yi gogayya da masu kwaikwayonta. Na farko-farkon nan ana rububinsu a duniya, amma wannan ta baya ce, ƙirar Sin. Dattijon ya ce tana jingina, saura kwana goma. A zuwa na biyu ba ya nan, yaron kuwa ya yanka mini kuɗinta har yana cewa in taya. A zuwa na uku ina zaune wani saurayi ya shigo, ya durƙusa ya gaishe da dattijon, ya zaro kuɗi a ƙudundune daga aljihu ya ce bai cika ba, bikin da suka yi wa kiɗa ba a gama biyansu ba. Dattijon ya ƙirga ya ce, "Ɗana, ɗauki kayan aikinka, ka kawo cikon ƙarshen wata." Saurayin ya ce, "Allah ya ƙara girma, Baba," ya rungume jitar ya fita. Halin kirki ne, babu shakka, amma da na biya yaron a zuwa na biyu, da a hannuna zai zo ya tarar da ita, ko ma bai tarar ba.

Babu littafin da ake rubuta wane ya ajiye me, nawa ya karɓa, yaushe wa'adi zai cika. Ɗan gutsuren farin salatif ne kawai ake liƙawa a bayan kayan jingina, kuma hunturu yana ɓamɓare shi. Jingina halal ce, aya ta 283 ta Suratul Baƙara ta ambace ta, amma a fiƙihun Malikiyya da muke bi abin da aka jinginar ba ya zama mallakar mai ba da bashi don kawai wa'adi ya wuce. Sai dai a sayar da shi da yardar mai shi ko da umarnin alƙali, mai bashi ya ɗauki haƙƙinsa, a mayar wa mai kaya ragowar. Don haka mai saye yana da haƙƙin ya tambaya ƙarara ko kayan na shago ne, ko na dillanci ne da ake jiran la'ada, ko na jingina, kuma ya yi ciniki da mai shagon kansa, ba da yaronsa ba. Ga kuma batun kayan sata, domin majami'u da ɗakunan ɗaukar waƙa ana fasa su, kuma karɓar kayan sata laifi ne a doka. Ni dai sai da na sa aka rubuta mini rasit mai ɗauke da lambar jikin jitar da ta amfilifayar, da kwanan wata, da sa hannun dattijon, duk da cewa sai da aka yago takardar daga littafin makarantar yaron.

Cinikin bai yi tsawo ba. Ya haɗa kuɗin biyun ya faɗa, na taya kashi biyu cikin uku, ya ce albarka, na lissafa masa tsirkiyoyin da na saya da man janareta da feshin da maɓallan ke buƙata, na ƙara kaɗan, ya yi shiru yana kallon titi sannan ya ce ya sallama. Jimillar abin da na biya bai kai rabin abin da aka faɗa mini a shagunan sababbin kaya ba kan makamantansu.

Kwana tara bayan nan ramin da ake soka waya a jikin jitar ya fara yanke sauti. Na mayar, kuma dattijon ya liƙe shi da dalma cikin minti biyar bai karɓi ko kwabo ba, sai dai sai da na je sau biyu kafin in same shi, domin yaron ba ya taɓa ƙarfen dalma idan maigidansa ba ya nan. Wanda ya fi ci mini rai shi ne amsa-kuwwar amfilifayar. A ƙasan akwatin Bandit akwai wani dogon gwangwani mai siraran sifirin a ciki, shi ke ba sauti wannan amon na babban ɗaki, kuma sai da na kunna ta a gida cikin dare na gane nawa ba ya yin komai, duk yadda na murɗa maɓallinsa. Da aka buɗe, sifirin ɗaya ya tsinke daga maƙalinsa. Na nemi a rage mini wani abu daga kuɗin, dattijon ya ce ciniki ya riga ya faɗa, kuma ni na gwada da hannuna. Gaskiyarsa ce ta wani gefen, amma a cikin ƙarar janaretan da shi ya sa aka kawo na gwada.

Wanda ya san abin da zai duba a wuyan jita, ko yake da abokin da ya sani, zai iya fita daga wannan shago da kayan aiki na gaske a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, musamman amfilifaya mai taransisto da jitar lantarki mai matsakaicin suna. Mai koyo da zai je shi kaɗai, ko uban da ke son saya wa ɗansa jita mai akwati, ban ga abin da zai kai su can ba. A je da safe ranar da unguwar ke da wuta, kuma a ƙi gwaji da janareta ko da za a sake dawowa.

Dattijon ya yi mini alkawarin zai ciro gwangwanin amsa-kuwwa daga duk matacciyar Peavey da ta fara shigowa shagon. Na leƙa makon jiya, ba ta shigo ba tukuna. Baƙar jitar mai sukuru uku tana nan a rataye a goge, kuɗinta bai sauka ba, kuma da na tuna masa maganarmu sai ya ce akwai wani mai hidimar bukukuwa da ya zo ya gani har sau biyu, kuma shi sunan yake so ya fito a hoto.